Kek ɗin Auta a Cikin Baro

Jama'a, idan a cikinku akwai wanda ya ga wani magidanci jiya yana sheƙa gudu a kan titi, hula a karkace, gemu fari fat da fulawa, yana tura baro da oben a ciki, waya tana jan ƙasa a bayansa kamar jelar saniya, to don Allah a daina yaɗa cewa ya zautu. Ni ne. Lafiyata ƙalau. Kek nake gasawa.

Bari in faro muku daga tushe. Maman yara ta yi tafiya, ƙanwarta ce ta haihu, ta je ta ɗan kula da ita. Ranar da za ta tafi, Auta, 'yata ta ƙarshe, ta tsaya a bakin ƙofa tana irin kukan nan marar sauti, wanda ya fi mai ihu cin rai. Ashe ranar haihuwarta ce ta matso, kuma malamar ajinsu ta tsara cewa duk wadda ranarta ta zagayo, za ta kawo ɗan abin taɓawa a raba wa 'yan aji kafin a tashi. Auta sabuwa ce a makarantar, ba ta yi ƙawa ko ɗaya ba tukuna. Akwai kuma wata yarinya a ajin, 'yar wani ɗan kwangila, wadda ta kawo kek mai hawa biyu daga kanti har da fure a kansa. Tun daga ranar take tsare Auta da tambaya: "Ke me za ki kawo mana, ruwan famfo?"

Da na ga hawaye a fuskar yarinyar nan, ban san lokacin da na bugi ƙirji ba. Na ce, "Share hawayenki. Ni Babanki zan gasa miki kek da hannuna."

Maman yara ta ajiye jakarta, ta dube ni tun daga hula har takalmi. Ta ce, "Kai, Baban Auta? Kai da ka taɓa ƙona ruwan shayi?"

Na ce, "Tukunyar ce ta ƙone. Shi ruwan tafiyarsa ya yi."

Washegari Auta ta je ta miƙe a gaban aji ta shelanta cewa Babanta zai gasa kek da hannunsa, kuma zai kawo da kansa. Ta dawo tana ba ni labari tana tsalle. Shi ke nan, magana ta fita. In kek bai je ba, ba ni za a yi wa dariya ba. Yarinya ce za ta zauna a aji ita kaɗai, sunanta maƙaryaciya har ta gama makarantar.

Ni kuwa, mai karatu, na san alkawari. A cikinsa na girma, a cikinsa na yi furfura. Tun ina da gashi baƙi Mai Girma Babban Mai Yanka Ƙyalle, Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi, ya yi mana alkawarin ruwa, yanzu gizo-gizo ne ke haya a cikin famfonmu. Ya yi mana alkawarin titi, muka samu ramuka, kowane da girmansa, don kada wani ya ce an nuna bambanci. Ba na ƙorafi. Mutum ne mai yawan aiki, ba zai yi alkawari kuma ya tsaya cikawa ba, wa zai yi na gaba? Abin da ya hana ni sukuni ɗaya ne: kada in wayi gari ni ma na zama Mai Girma a cikin gidana.

Da ranar ta zo, wato jiya, na ce wa abokan aikina ba zan fito ba. Ni magini ne, karatuna bai yi nisa ba, amma kwaɓi dai na san shi. Na ce a raina, wanda ya kwaɓa siminti shekara da shekaru, fulawa ce za ta gagare shi? Na raka Auta bakin titi, ta juyo ta ce, "Baba, kafin a kaɗa ƙararrawar tashi fa." Na ce, "Kafin ma mai ƙararrawar ya tuna inda ya ajiye ta."

Na dawo na shiga kicin na kira maman yara a waya, na jingina wayar a jikin gwangwanin madara.

"Fulawa nawa zan zuba?"

"Daidai misali."

"Misalin me?"

"Ka zuba dai har idonka ya ce ya isa."

"Idona bai taɓa yin wannan aikin ba, bai san me zai ce ba. Sukari fa?"

"Ɗan kaɗan. Amma kada ya yi kaɗan."

Kun ji fa. Da haka ake mana awo a wurin gini, da tuni rufi ya gama da mu. Na bi ta hanyar da na sani. Na tara fulawa a kan tebur, na yi mata rami a tsakiya yadda muke yi wa yashi, na fasa ƙwai a ciki. Sai dai yashi yana da amana, fulawa ba ta da ita. Bango ɗaya ya ɓalle, ƙwai suka kama hanya, suka sauka daga tebur ɗaya bayan ɗaya cikin ladabi, wani a kan ƙafata, wani a cikin takalmin Auta na wasa. Na tare sauran da gwiwar hannu, na kwashe komai na juye a roba. Bota ta ƙi narkewa, na lallashe ta da bayan ludayi. Na yi atishawa a kan buhun fulawa, shi ne asalin farin gemun da kuka gani. Da kwaɓi ya haɗu na zuba a gwangwanin gashi, na shafe samansa da cokalin gini, wankakke fa, kada wani ya kai ni ƙara. Har ma'aunin nan mai ɗigon ruwa da muke duba miƙewar bango da shi na ɗora a kai. Kek ɗina ya miƙe sak. A duk garin nan ban jin akwai ginin hukuma da ya kai shi daidaito.

Za ku ce me ya hana in gasa da gas. Tukunyar gas ɗinmu tana layi tun makon jiya. Ƙanina ne ke zuwa duba ta safe da yamma, ya ce ta saba da wurin, har ta yi maƙwabta. Saboda haka sai ɗan oben ɗin maman yara na lantarki, akwatin ƙarfe mai ƙofar gilashi. Kuma abin mamaki, akwai wuta. Na saka kek, na murɗa, na durƙusa ina leƙen gilashi kamar ranar da na tsaya a tagar ɗakin haihuwa. Can sai na ga ya fara tasowa. Wallahi sai da idona ya ciko.

Sai ɗif. Aka ɗauke wuta.

Na fizgi waya. "Maman yara, sun ɗauke! In ciro shi?"

Ta yi wata ƙara da sai da na janye wayar daga kunnena. "Kada ka buɗe! Kada ka kuskura ka buɗe ƙofar nan, Baban Auta! In iska ta shiga zai faɗi, ba kuma zai sake tashi ba."

Na fito ƙofar gida hannu a ka. Maƙwabcina tela, wanda duk unguwa ke kira Sai-Gobe saboda amsar da yake ba masu ɗinki, yana tsaye da dutsen guga a hannu ɗaya, wando a ɗayan, ƙafa ɗaya a goge, ɗaya a yamutse.

Ya ce, "Magini, wa ya mutu?"

Na ce, "Kek ɗin Auta ne ke shirin mutuwa."

"To tsayuwar me kake yi? Ta koma layin baya. Taho mu bi ta."

Nan sai na yi wa waɗanda ba 'yan unguwarmu ba bayani. Wutarmu ba ɗaukewa take ba, yawo take. Masu rabon ta, Allah ya saka musu, sun lura ba za ta ishi kowa ba, sai suke zagayawa da ita kamar baƙuwa mai yawan dangi. Ta ɗan zauna a layinmu, kafin a kawo mata ruwa ta miƙe ta koma layin baya, daga can ta leƙa bayan kasuwa. Mun daɗe da sabawa. Duk wanda aikinsa ya tsaya a rabi, sai ya kwashi kayansa ya bi ta. Sai dai har jiya ba a taɓa samun wanda ya bi ta da oben ba.

Na shimfiɗa buhun siminti a cikin barona, na naɗe hannu da tawul, na rungumo oben da zafinsa. Tawul ya zame, ƙarfe ya gaisa da tafin hannuna, na yi wata rawa da ban san na iya ba. Amma ƙofa ban buɗe ba. Na ɗora, muka kama hanya, Sai-Gobe a gaba yana kaɗa wando yana cewa, "A ba da hanya, marar lafiya ne!"

A kan kwana muka haɗu da mai askin unguwa, injin aski a hannu, yana jan wani bawan Allah da zanen aski a wuya. An aske masa ɓangaren dama tas, hagu kuwa daji ne. Mutumin yana cewa, "Ni fa ganawar neman aiki zan je." Mai aski ya ce, "To ka riƙa ba su gefen dama." Tun daga nan muka sa masa suna Rabin-Kai, ya amsa kuma, don ba shi da zaɓi.

A layin baya wata mai kitso ta buɗe mana shagonta. Na jona, fitilar oben ta kama, na sake durƙusawa. Sai-Gobe ya goge rabin ƙafar wandon da ta rage. Mai aski ya yi wa Rabin-Kai wata 'yar hanya daga kunne zuwa ƙeya. Ƙamshi ya fara tashi, mai kitso ta ce, "Baban Auta, ashe kana da hannu." Ina buɗe baki in yi godiya, ɗif.

"Bayan kasuwa!" in ji Sai-Gobe.

Hanyar bayan kasuwa ita ce wadda aka yi bikin kammala ta sau biyu. Na bi ta da baro ina kauce wa ramuka kamar mai ɗauke da jariri a tire. Duk ramin da taya ta faɗa, sai in ji shi a ƙirjina. Ina gudu ina yi wa kek magana ta gilashi: "Yi haƙuri, ɗan albarka, riƙe kanka, saura kaɗan." Wata mata ta ja ɗanta gefe ta ce kada ya kalle ni. Muna isa bayan kasuwa, fankar wani shago tana juyinta na ƙarshe, a hankali, a hankali, ta tsaya a gaban idonmu. Mun yi saɓani da baƙuwar.

Na zauna a hannun baro. Rana ta take tsaka, inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa. Na hango Auta a raina, tana zaune a benci tana waiwayen ƙofa duk lokacin da wani ya gifta. Na fara lissafin abin da zan ce mata. An samu tsaiko. Ana kan duba lamarin. An kafa kwamiti. Subhanallahi, na ji kalaman suna zuwa bakina da kansu, sumul, kamar na daɗe ina yi. Ashe haka abin yake farawa.

Sai muka ji jiniya da ganguna daga filin ƙwallo. Rabin-Kai ya karkata kunnensa na ɓangaren da aka aske, don ya fi ji, ya ce, "Lasifika ce wannan. Inda lasifika take, akwai wuta."

Ashe Mai Girma Babban Mai Yanka Ƙyalle ne da kansa ya zo buɗe mana sabuwar taransifoma. An kafa rumfuna, an jera kujeru masu laushi a gaba, na roba a baya, mu kuma an tanadar mana rana. An rataya ƙaton allo an rubuta BANKWANA DA DUHU. Ita taransifomar na gane ta, tsohuwar sani ce. Wancan karon da aka yi bikin buɗe ta kore ce, yanzu an yi mata shuɗi. Babu wayar da ta shiga cikinta, babu wadda ta fito, tana zaune abinta da jan ƙyalle a ƙugu. Motocin da suka rako Mai Girma kuwa, da man da suka sha a ranar aka ba unguwarmu, da har kaji sun yi karatun dare.

Muka zagaya bayan rumfa. Ga janareta nan, ƙato kamar ɗakin haya, an lulluɓe shi da yadi mai ado, an ajiye makaɗa a gabansa don kada a ji gurnaninsa. Mai kula da shi yana zaune a kan jarka yana gyangyaɗi.

Na durƙusa na ce, "Ɗan'uwa, kana da 'ya mace?"

Ya buɗe ido ɗaya. "Ina da su. Me aka yi?"

Na nuna masa gilashin oben. Ya leƙa, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ranar haihuwa?" Na ce eh. Ya waiga dama da hagu, ya tura mini soket da ƙafa, ya ce, "Ban gan ka ba."

Na jona. Fitila ta kama. Kai, jama'a, wutar manya daban ce! Ba ta rawa, ba ta kyafta ido, tsayayya kamar an kafa ta da siminti. Kek ɗina da ya fara yin fushi ya sake ɗago kai.

To, ni kaɗai aka ba izini. Amma Sai-Gobe ya ce shi ma ai yana da 'ya, ya jona dutsen guga. Mai aski ya ce shi matarsa na da ciki, wa ya sani ko mace ce, ya jona inji. Kafin in ce a yi hattara labari ya zaga. Mata suka ɓullo da injin markaɗe, wani ya zo da butar dafa ruwa, masu cajin waya suka yi dandazo, wani tsoho ya turo firji a kan amalanke. Soket a kan soket, waya a kan waya, bayan rumfa ya koma kasuwa. Janareta ya canza murya, ya fara wani nishi kamar raƙumin da aka yi wa lodin gida guda. Makaɗa suka ƙara ƙarfi don su rufe shi.

A gaba kuwa Mai Girma yana jawabi. "Daga yau," in ji shi, "yaran wannan unguwa sai dai su ji labarin duhu a bakin kakanninsu!" Aka tafa. "Daga yau, duk mai sayar da kyandir ya nemi wata sana'ar!" Aka tafa, har da mai sayar da kyandir, don ya san inda maganar za ta ƙare. Aka miƙa almakashi a kan tire, ƙyalle ya faɗi. Aka kawo wani jan maɓalli a kan ɗan tebur, shi ma ba a jone yake da komai ba. Dabarar ita ce, yana dannawa, mai janareta zai kunna ɗaruruwan ƙwayayen fitila da manyan fankoki da aka zagaye filin da su.

Mai Girma ya ɗaga yatsa sama don masu hoto, ya sauke, ya danna. Mai janareta ya kunna.

Janareta ya yi tari sau biyu, ya saki baƙin hayaƙi, ya ce ga garinku nan.

Lasifika ta mutu. Fankar da ke kan Mai Girma ta tsaya. Makaɗa suka daskare da sanduna a sama. Filin nan ya yi tsit, ba ka jin komai sai wani ɗan akuya can nesa. A cikin wannan shirun ne ƙamshin kek ɗina ya taso daga bayan rumfa, ya ratsa kujerun roba, ya wuce masu laushi, ya je ya tsaya a hancin manya.

Masu tsaro suka zagayo. Kafin ka ce me, kasuwa ta watse. Tsoho mai firji ya yi gudun da bai yi ba tun yana saurayi. Sai-Gobe ya bar wandon mutane a ƙasa. Rabin-Kai ya tsallake katanga da zanen aski yana kaɗawa a bayansa, yanzu saura tsibiri ɗaya na gashi a tsakar kansa. Ni kaɗai na rage, na rungume baro, don in gudu in bar wa wa?

Wani siririn mutum mai sheƙin takalmi ya ratso masu tsaro. Shi ne Mai Riƙe Jakar Mai Girma. Ya dube ni, ya dubi oben, ya shaƙi iska. Na ga idonsa ya yi wani haske, irin na wanda ya tsinci mafita a cikin rami.

Ya ce, "Turo shi gaba."

Haka na tura baro har gaban rumfa. Mai Riƙe Jaka ya buɗe murya, tunda babu lasifika: "Jama'a, abin da kuka gani gwaji ne, kuma an yi nasara! Ga shaida! Wannan talaka, da wutar da Mai Girma ya kawo yanzun nan ya gasa wannan kek, don nuna godiya!" Aka tafa. Masu hoto suka yo kaina.

Ya ce in buɗe. Na ce a raina, maman yara, ki yafe mini, na buɗe ƙofar. Kek ya fito ya yi ja, gefensa har ya ɗan yi duhu, ya tashi ya yi tozo, bai faɗi ba. Na kifar da shi a kan tiren oben. Na zaro tsinke na soka a gefe, ya fito a bushe. Na soka a tsakiya, ya fito da ɗanyen kwaɓi yana nashe-nashe. Wuta uku ya sha, babu wadda ta kai zuciyarsa.

Mai Riƙe Jaka ya miƙo hannu zai ɗauke tiren gaba ɗaya. Ni mutum ne mai tsoro, ban ɓoye muku ba. Ko mai karɓar kuɗin shara ya ɗaga murya sai in ba shi haƙuri. Amma sai na ji hannuwana sun ƙi saki, na ji wata murya tana fita daga bakina, siririya kamar ta ɗan tsako.

"Ranka ya daɗe, na 'yata ne. Tana makaranta tana jira. Na yi mata alkawari."

Masu hoto suka juya kan Mai Girma. Shi kuwa gwani ne, ya yi dariya har tumbinsa na rawa, ya dafa kafaɗata ya ce, "Mu iyayen al'umma ne, ba ma cinye na yara. Albarka kawai za mu sa masa. A ɗan taɓa."

Mai Riƙe Jaka ya karɓi wuƙa, ya ƙare wa gefen kallo, ya yatsine fuska. "Mai Girma ba ya cin gefe." Ya dasa wuƙa ya zagaye tsakiyar kek, ya ɗago ta ɗungurungum.

Allah ya gani, na yi ƙoƙari. Na ce, "Yallaɓai, ita tsakiyar nan..."

"Ta manya ce. Rufe mana baki."

Ni kuwa mai biyayya ne ga hukuma. Na rufe.

Aka yanka aka raba wa layin gaba a ƙananan faranti. Mai Girma ya kai loma, kyamara tana kansa. Na ga muƙamuƙinsa ya tsaya. Na ga idonsa ya nemi inda zai tofar, ya tarar da masu hoto ta kowane ɓangare. Ya haɗiye da ƙyar, kwaɓi yana bin gefen bakinsa, ya ɗaga babban yatsa ya ce, "Wannan shi ne ɗanɗanon ci gaba!" Da jin haka duk layin gaba suka haɗiye nasu. Wani har ya nemi ƙari, don a ga biyayyarsa.

Ban tsaya sallama ba. Na mayar da tire cikin oben, na kama baro, na ba ƙafa iska. Wannan shi ne gudun da kuka gani.

Ina shan kwanar makaranta na ji ƙararrawa. Na kutsa ta ƙofa, mai gadi yana bina yana cewa ba a shiga da baro. Yara sun fara rataya jaka. Auta tana tsaye a bakin ƙofar ajinsu ita kaɗai, ta ƙanƙame jakarta a ƙirji, ba ta kuka, ta dai kafe ƙofar makaranta da ido. Da ta hango ni, sai ta saki jakar a ƙasa, ta juya cikin aji ta ƙwala ihu: "Ga Babana! Na faɗa muku! Ga Babana!"

Malama ta mayar da kowa mazauninsa. Na ajiye tire a kan tebur ina haki. Ga kek, zagayayye, jawur, gasasshe ta ko'ina, da ƙaton rami a tsakiya kamar tayar babur. Yara suka kewaye shi. 'Yar ɗan kwangila ta leƙa ramin ta ce, "Ina tsakiyar?"

Na buɗe baki zan yi bayani. Auta ta riga ni. Ta ɗaga kai ta ce, "Haka Babana yake yin nasa. Na kanti ne mai toshewa." Ta ɗaga kek ɗin daga tire zuwa daidai fuskarta, ta karkata shi, ta leƙo su ta cikin ramin da ido ɗaya. Aji ya fashe da dariya, kowa yana cewa shi ma sai ya leƙa. Malama ta yanka, aka raba, ko ɓurɓushi bai rage ba. Na ga 'yar ɗan kwangila tana lasar yatsa a ɓoye. Wata yarinya mai gibi ta matso ta ce wa Auta gobe su zauna benci ɗaya.

A hanyar gida Auta ta ce sai dai ta hau baro, ta zauna kusa da oben kamar wata babbar baƙuwa. Ta kamo hannuna ta ga ƙunar, ta hura mini iska a kai, ta ce, "Baba, baɗi mai hawa biyu za ka yi." Na koyi darasi, ban ce eh ba, na ce za a duba.

Da yamma wuta ta leƙo layinmu na ɗan lokaci, na kunna rediyo. Na ji an ce an ɗage sauran bukukuwan da Mai Girma zai halarta a ranar, shi da muƙarrabansa suna hutawa bisa shawarar likita. Muna yi musu fatan sauƙi. Aka kuma sanar da cewa albarkacin sabuwar wuta, an buɗe masana'antar kek a unguwarmu, har matasa dubu sun samu aiki. To, idan kana cikin dubun nan, don Allah ka biyo ta gidana da safe. Kwanuka suna nan a jiƙe, ƙwai ya bushe a ƙasan kicin, kuma maman yara jibi za ta dawo.